Kawu Nomau da Gashin Karen Ajiya

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Kawu Nomau a Tasawa ya san ba da gaisuwa ake farawa ba. Kana miƙa masa hannu, nasa hannun zai wuce naka ya sauka a kafaɗarka, ya tsinto wani siririn farin gashi da ya hau ka tun daga zaure, ya ɗaga shi ya duba kamar mai sayen zinariya, ya jefa aljihu. Sannan ya ce, "Wanga ba naka ba ne. To, ina kwana?"

Haka ya yi wa liman, haka ya yi wa mai unguwa. Akwai wani ɗan takarar depite, wato kujerar majalisa, da ya zo neman ƙuri'a cikin baƙar kwat, shi sai da aka juya shi gaba da baya kafin a ba shi tabarma. Mutumin ya tafi yana zaton wani asiri aka yi masa, ya aiko a tambaya ko na alheri ne.

Ga ƴan baya da suka tarar labarin ya yi nisa, bari in ɗauko daga tushe. Kawu Nomau yayan mahaifiyata ne, sana'arsa kuwa riƙon ajiya. Yana da rumfa a bakin kasuwa. In kasuwa ta watse, mutanen Maijirgi da Bawdeta da ba su sayar da geronsu ko gyaɗarsu ba sai su bar masa har wata kasuwar. Magana ɗaya gare shi, kuma duk kun ji ta: "Yadda abu ya shigo, haka zai fita." Ba abin da yake tsoro a duniya kamar ya mutu da kayan wani a wuyansa. Na san shi da wani takalmi wari guda da ya riƙe har mai shi ya yi jika.

Ƙanensa, Kawu Lawali, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, hanyar Agadas zuwa Aljeriya. Wata shekara ya sauka gida da wani ɗan kwikwiyo fari, dunƙulalle kamar curin kaɗa, ya ce a can cikin duwatsu aka ba shi. Da zai koma sai ya dire shi a gaban yayansa ya ce, "Yaya, riƙe mini wanga ajiya har in dawo."

Da cewa ya yi kyauta ce, da an huta. Kawu bai taɓa son kare ba, da tun ranar ya miƙa wa mafarauta. Amma an ce ajiya. Ya kawo tsohon buhu ya shimfiɗa masa a gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, kusa da ɗakin girki, inda inuwa ta fi. Yara suka ce a sa masa suna, Kawu ya ce raɗa suna sai mai abu. Haka karen ya girma ana kiransa Na-Lawali, kuma ya amsa.

Ya girma fa. Karnukanmu na nan kun san su, ƙashi da fata da kunne a tsaye. Wannan kuwa ya tashi kamar tunkiya da ta haɗiye wata tunkiyar. Bai cika haushi ba, bai san farauta ba, aikinsa kwanciya da lasar randa. Muna zaune lafiya har bazara ta shigo.

Ina lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, ina tsakiyar darasi aka ce Kawu na ƙofa da amalanke. Na fito na tarar da shi zaune bisa amalanken jaki, karen a gefensa, ƙwarya a cinyarsa cike da farin gashi.

"Mushe," haka yake kirana, wato Malam da Faransanci, tun ranar da na fara koyarwa, "zo ka yi mini Faransanci a elbaj, ofishin dabbobi. Ajiya na ƙarewa a hannuna."

Likitan dabbobin da muka samu a elbaj Bahaushe ne ɗan Mayahi, ba a buƙaci Faransancina ba. Ya duba baki, ya duba ido, ya shafa bayan karen, hannunsa ya fito da safar gashi.

"Baba, lafiyarsa lau. Karen ƙasar sanyi ne. In zafi ya zo sai ya tuɓe rigar sanyinsa."

"Ya tuɓe ya aje ina?"

"Zubarwa yake. Wata za ta fito."

"To wadda ya zubar ɗin, ta wa ce?"

Likitan ya dube ni. Ni kuma na dubi hoton saniyar da ke jikin bango. Ya ce shi dai abin da aka koya masa bai kai nan ba.

Daga ranar aka fara tara gashi. Kawu ya ware buhu, ya ware tsintsiya, ya hana a zubar da shara sai ya tace ta da rariya. Buhu ya cika aka ɗauko wani. Ana cikin haka wata rana ya zaunar da ni a ƙofar ɗakin da yake jibge su, ya nuna buhunan, ya nuna karen da ke kwance yana hamma.

"Mushe, kai ne mai lissafi. Abin da ke cikin buhunan nan ya fi karen yawa. Karen kuma ga shi nan bai ragu ba. Abu ana ɗiba kullum ba ya raguwa, mi kuke kiransa a lakwal?"

Na ce a ajin da nake koyarwa ba mu kai wurin ba.

"To ni kare ɗaya aka ba ni. Yanzu in Lawali ya zo, wanne ne nasa, na kwance ko na buhu?"

Na ce wataƙila duka biyun.

"Haka na ji tsoro," in ji shi.

Maganar ta kai masallaci ba don ya kai ta ba. Mutanen sahun farko ne suka yi ƙorafi, wai duk wanda ya haɗa kafaɗa da Nomau zai fito da furfurar da ba tasa ba. Bayan la'asar Malam Liman ya zauna da mu a ƙofar masallaci, ya kwantar wa kowa da hankali cewa a mazhabarmu gashin dabba mai rai ba najasa ba ne, sallar kowa ta yi. Jama'a suka fara neman takalmansu. Kawu ya ce shi ba wannan ta dame shi ba.

"Allah gafarta Malam, gashin nan, halalina ne ko na Lawali?"

Malam ya gyara rawani. Ya ce ya karanta hukuncin ulun tunkiya, ya karanta na ƴaƴan dabino, amma na kare bai taɓa cin karo da wanda ya tara ba, balle a yi hukunci.

Akwai Buba a wurin, Bafillacen nan abokin Kawu da ke kawo shanu kasuwa. Ya ce su a wajensu abin a fili yake. In ka ba ɗan'uwanka saniya ya riƙe, nono na mai riƙo ne, saniya ta koma wa mai ita. Saboda haka a duba, gashin nan nono ne ko saniya.

"Yaya za a gane?" in ji Kawu.

"Ana shan shi?"

Kawu mutum ne da ba ya ƙarya. Ya yi ɗan tunani ya ce, "A gidana ana sha. Amma ba da niyya ba."

Malam Liman ya ce Allah ne masani, ya miƙe. Kafin ya kai ga takalmansa Kawu ya tsinci sili biyu a rawaninsa.

Wadda ta san da gaske ana shan gashin nan ita ce Inna Hajo, matar Kawu. Ku da kuka san ta kun san mace ce da take wanke muciya kafin ta taɓa ta, ta kuma wanke bayan ta taɓa. Sai ga ta cikin gidan da in guguwa ta shigo baƙa take fita da furfura. Ta rufe ƙwaryar fura da faifai, ta ɗora wani faifan a kai, ta danne da dutse. In an buɗe, ga shi nan a kwance bisa nono kamar ya riga kowa zuwa. Ta ce ita ta daina gane ta inda yake shiga, ta fara zaton daga cikin geron yake tsirowa.

Ranar da dangin wani saurayi suka zo daga garin Sarkin Hausa neman auren ɗiyarsu Rabi, Inna ta sa aka ɗaure karen a gona tun da safe. Ta share gida, ta yayyafa ruwa, ta tuƙa tuwo cikin ɗaki a rufe. Baffan yaron, wani dattijo mai kunya, ya kai loma ta farko, ya tsaya. Ya sa yatsa biyu a leɓe ya fara ja. Ya ja, ya ja. Yana neman inda zai ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma sai ga tafin hannun Kawu a gabansa.

"Kawo nan, Alhaji. Na ƙanena ne."

Dattijon ya miƙa, ya ce Allah ya ba ƙanen naka lafiya. An dai yi auren. Amma har yau dangin mijin Rabi sun ɗauka muna da wani kawu mai farin gashi da ke leƙa tukunya.

Inna ta gwada hanyoyi. Ta kira wanzami ya aske karen, wanzami ya ce askarsa kan Musulmi take hawa. Ta ce a ba maharba aro, Kawu ya ce ba a ba da aron ajiya. Da ta ga buhuna sun cinye ɗaki guda har sun fara leƙa na biyu, sai ta yi abin da ya fi komai rikita gidan. Kawu ya tafi Maijirgi ta'aziyya, magini kuma na yaɓen sabon rumbu, ciyawar da yake kwaɓa laka da ita ta ƙare. Inna ta jawo masa buhuna biyu ta ce ga wata irin ciyawa. Maginin ya yaba ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin laka ta kama haka ba.

Kawu ya dawo, ya zagaya rumbun yana sa albarka, sai ya tsaya. Ya matsa kusa. Rumbun na da gemu.

Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Ya zauna bisa turmi ya dafe kai.

"Hajo, kin san abin da kika yi?"

"Na rage shara, Malam."

"Kin yi wa Lawali rumbu."

"Lakar tamu ce, filin namu ne."

"To shi ne. Yanzu rumbun nan tarayya ne, kuma ban san ta inda rabonsa ya fara ba."

Shekarar nan geronmu a zaure ya kwana, rumbu sabo fil na tsaye babu kowa ciki, don Kawu ya ce ba zai zuba hatsi a ɗakin mutum ba da izininsa ba. Kaji suka gane, suka tare a zaure. Sai kuma aka lura tsuntsayen bedi duk da farin gashi suke saƙa sheƙa. Kawu ya tara yaran unguwa ya gargaɗe su kada wanda ya taɓa sheƙar nan, akwai haƙƙin wani a ciki. Tsuntsayen kuwa ya ce tsakaninsu da Lawali ne, shi ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kore su ba su ji ba.

A duk wannan lokacin Kawu Lawali shiru. Da farko yakan bugo waya daga Tamanrasat, daga baya aka ce ya wuce Libiya, daga nan lambar ta daina shiga. Damina ta zo ta wuce, ta zo ta wuce, har mutane suka fara sassauta murya in za su ambaci sunansa. Wasu dattawan dangi suka ce a yi masa sadaka a fawwala wa Allah. Inna Hajo, ba da mugunta ba, ta ce in har ta tabbata, to ai karen ya zama gado, Malam Nomau ne magaji, yana iya kyautar da abinsa.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar ranar ba. Ya ce, "Mutumin da ya ce har in dawo, ban ga wanda zai ce mini bai dawowa ba." Ya ɗauki tsintsiyarsa ya fita gindin bedi. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da maganar, kuma na lura Inna ta daina zubar da abin da ta tsinta, tana tara masa a gefen murhu.

Sai ga shi ya dawo. Ranar wata kasuwa, da rana tsaka, ya sauko daga mota ya rame, ya yi furfura tasa ta kansa, da mata Bahaushiya da ya auro a can da yara biyu. Aka yi kuka, aka yi dariya, aka yanka akuya. Kawu ya bari ya ci ya sha ruwa. Sannan ya aika a kira Malam Liman da Buba su zama shaidu, ya ce, "Lawali, tashi ka karɓi ajiyarka."

"Wace ajiya, Yaya?"

"Karenka."

"Wane kare?"

Inna Hajo ta aje ludayin hannunta a hankali, kamar mai tsoron abin da za ta yi da shi.

Da ƙyar Kawu Lawali ya tuna. Ya ce wani ne ya ba shi a hanya, ya rasa yadda zai yi da shi, ya kuma san in ya ce kyauta Yaya ba zai karɓa ba. Kawu bai ko saurari wannan ba. Ya jawo karen ya danƙa masa igiya. Ya buɗe ɗaki, aka fara fito da buhuna ana jerawa, Kawu Lawali na kallo, yana kallonmu, yana neman wanda zai yi dariya ya gane wasa ne. Ba wanda ya yi. Aka kai shi gaban rumbu aka yi masa bayanin tarayya.

"Na yafe, Yaya."

"Malam, ka ji ya yafe rumbu. Tsuntsayen fa?"

"Waɗanne tsuntsaye?"

Aka nuna masa bedi.

"Su ma na yafe musu."

"Wanda aka sha a fura fa?"

"Yaya, don Allah, duk wanda ya sha na yafe."

Buba ya ce shi ma a sa shi ciki, ya sha ba sau ɗaya ba.

Kawu Lawali ya zauna a Mayahi, can ya tafi da karen da buhunan. Abin da ya yi da buhunan bai taɓa faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Gidan Tasawa ya yi fes. Inna ta buɗe ƙwaryar fura ta bar ta a buɗe don jin daɗi. Gero ya shiga rumbu. Mutanen sahun farko suka koma fita da kafaɗunsu yadda suka shigo.

Kawu kuwa ya lalace. Ya sauke nauyin da ya fi damunsa a duniya, ya kamata a ce ya yi ƙiba, sai ya rame. Ya zauna gindin bedi yana kallon inda buhun shimfiɗa yake da. Baƙo ya zo, ya kai hannu kafaɗarsa, ya dawo da hannun wayam, ya rasa ta inda zai fara gaisuwa. Na ce, Kawu, in kewar karen kake, ai sai a karɓo. Ya harare ni.

"Karena? Ni mi zan yi da kare? Kayan mutane ne, sun koma wa mai su."

Kawu Lawali da kansa ya zo ya ce ya ba shi kyauta. Kawu ya ce shi ba ya kiwon kare, bai taɓa yi ba.

Inna Hajo ce ta warware, ita da ta fi kowa shan wuya. Ta hau mota ta tafi Mayahi ba ta gaya wa kowa ba. Matar Kawu Lawali ce ta ba mu labari daga baya. Wai Inna ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kai Lawali, ba ka da wata tahiya ne?"

"Tahiya ina, Yaya Hajo? Na gaji da hanya."

"Ko'ina. Ko Maradi ce. Yayanka na ƙarewa."

Washegari sai ga Kawu Lawali da kare a ƙofar gida. "Yaya, zan tahi Maradi. Riƙe mini ajiya har in dawo. Gashin kuma na yafe tun yanzu, na sama da na ƙasa."

Kawu ya yi tsaki, ya ce mutane ba su da tausayi, daga sauke kaya sai ɗora wani. Yana faɗa yana kakkaɓe buhun shimfiɗa. Yafewar gashin ma ya ce ya ji, amma ba a yafe abin da bai zubo ba tukuna, saboda haka zai ci gaba da tarawa.

Kawu Lawali ya je Maradi ya juyo a yinin. Amma kun san dokar gidan: in ya dawo, sai ya karɓi kayansa. Saboda haka bai dawo ba. Duk sati yana zuwa Tasawa, ya yi sallama a zaure, kafin a amsa ya ce, "Ban dawo ba, Yaya, wucewa nake." Kawu ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Shigo ka ci tuwo." Ya ci, ya yi hira har la'asar, ya kwana wani lokacin, duk yana kan hanyar Maradi. An yi suna yana wucewa, an yi Sallah yana wucewa. Wani jikan Kawu ya taɓa tambayata ko Maradi ta fi Makka nisa. Na ce a gidanmu ta fi.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu bana, bayan an gama girbi, ya sa aka kira masu kaya a rumfarsa ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗauki nasa. Rumfa ta zama wayam. Saura abu guda, yana kwance ƙarƙashin gadonsa, ya tsufa, ido ya yi hazo, yana numfashi tare da shi.

Da hantsi Kawu Lawali ya iso. Ya tsaya bakin ƙofar ɗaki, ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, Kawu ya riga shi.

"Lawali, ka dawo?"

Kawu Lawali ya dubi Inna Hajo. Ta sunkuyar da kai. Ya daɗe a tsaye riƙe da labule.

"Na dawo, Yaya."

"Alhamdu lillahi. Yana ƙarƙashin gado. Duba shi da kyau."

Ya durƙusa ya shafa kan karen. "Na duba. Yadda ya shigo haka yake."

Kawu ya lumshe ido, ya ce to a bar shi nan ya ɗan huta kafin su kama hanya, rana ta yi zafi. Kafin azahar ya cika.

Ya Allah, ga bawanka Nomau ya zo maka hannu wayam, bai taho da ko silin kowa ba. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda iska ta kwashe bai sani ba. Ka sanyaya makwancinsa, ka ba shi inuwa wadda ta fi ta gindin bedi, ka ba Inna Hajo da Kawu Lawali haƙurin rashinsa. Mu kuma da muka saura, ka sa mu sauke namu kafin a kira mu. Amin.